Hannun Hagu na Keken Baba

Keken mahaifina ya girme ni. Baƙi ne, mai nauyi, kuma da shi yake zuwa rumfarsa ta goro a unguwar Vêdoko kullum, daga nan Zongo, yana ratsa 'yan zemijan, masu baburan haya, kamar ba su dame shi ba. Shekarunsa sun haura saba'in lokacin da sarƙar ta fara zamewa. Rannan ta zame masa a tsakiyar titi, ya faɗi ya kuje gwiwar hannu. Yayarmu, wadda ita ce babba a gidan kuma ita ke riƙe da mu duka tun rasuwar mahaifiyarmu, ta yanke hukunci: in aka sake samun matsala ko ɗaya, za ta ɗaure keken, Baba ya zauna a gida. Kowa ya san in an raba shi da keken nan an raba shi da rumfar, da abokan hirarsa, da dalilin da yake sa hula da safe.

Ni tela ne, ba makaniki ba, amma ina da karambani. Keken ɗinkina ban taɓa kai shi wurin gyara ba, ni nake kwance shi in mayar. Da na duba na Baba sai na ga farantin gaba da sarƙa ke hawa, wanda masu gyara a nan ke kira filato, haƙoransa sun cinye sun yi tsini. Na tafi unguwar Agontinkon wurin wani mai sayar da kayan keke, na sayo sabon faranti haɗe da hannun feda na dama, da na hagu, da sarƙa, da ƙusoshi biyu. Na jira ranar Juma'a da Baba ya tafi masallaci a ƙafa, na kifa keken a tsakar gida.

Aikin ya ba ni sha'awa fiye da yadda na zata. Kowane hannu ƙusa ɗaya ce tak ke riƙe shi a jikin sandar tsakiya, ƙusar kuma an fafe mata gefe ɗaya. Tsoffin sun ci tsatsa, sai da na jiƙa su da kananzir na yi ta bugu da guduma kafin suka fita. Na buɗe tsakiyar, 'yan ƙwallayen boris suka zubo suka watse, na bi su da rarrafe ina tsintowa har ƙarƙashin randa. Na wanke su, na shafa giris, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Da na sa ƙusoshin karon farko duk na fuskantar da su waje guda, sai hannuwan biyu suka ƙi miƙewa a layi ɗaya, ɗaya ya ɗan karkata. Na zauna ina juya abin a raina har na gane dole ɗaya ta kalli sama ɗaya ta kalli ƙasa. Fedar hagu ma ta wahalar da ni, ina ɗaurewa tana ƙi, ashe ita baibai ake murɗa ta. Da na gama na juya feda, ƙafar baya ta yi ta gudu shiru, na ji kaina ya yi girma.

Baba ya dawo ya tarar da keken yana ƙyalli. Ya sa mini albarka, ya daɗe yana kallon gefen hagu, sannan ya tambayi inda tsoffin ƙarafan suke. Na ce suna cikin buhu, mai sayen ƙarfe nake jira.

Kwana uku ya hau shi. A na farko ya dawo a makare. A na biyu na ga yana zama da kyar. A na uku da la'asar sai ga shi yana turo keken da hannu, yana jan ƙafa, fuskarsa duk gumi. Yaya ba ta yi faɗa ba, ta dai sa kwaɗo a ƙafar baya, ta ɗaure makullin a gefen zanenta. Baba ya shige ɗaki, ya yi kwana huɗu ba ya fita sai salla.

Abin ya tsaya mini a rai. Haushi nake ji, kunya kuma ta fi haushin yawa, don ni na ce zan gyara. Na hau keken maƙwabci na gwada tsayin sirdi, na ƙirga haƙoran sabon faranti da na tsoho, duk ɗaya. To me ya canja? Na zazzage buhun nan a kan teburin yanka, na jera tsoffin hannuwan biyu gefe da gefe. Idon tela ba ya son abu biyu da ya kamata su zo daidai su ƙi. Na ɗauko ma'aunina: na hagu ya gaza na dama da santimita biyu. Na kankare baƙin fentin da reza, sai ga tabon walda zagaye da shi, an goge shi sumul. Wani ya yanke ƙarfen nan da gangan, ya rage shi, ya mayar.

Nan take wani abu ya faɗo mini. Shekara ashirin ina ɗinki, na yi wa Baba riguna ba adadi, amma bai taɓa bari na auna shi na ɗinka masa wando ba. Wandunansa wani tsohon tela yake kai wa, ni kuwa na ɗauka raina aikina yake yi, har na daɗe ina ƙullace da shi. Ga kuma tafiyarsa, a hankali, yana ɗan rangaji, wadda mutanen unguwa ke tsokanarsa da cewa tafiyar manya ce.

Na shiga ɗakinsa da ƙarfen a hannu, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya yi 'yar dariya. Ya ce yana saurayi, kafin goro, yana taya Fulanin arewa lodin shanu a mota, wani bijimi ya matse shi da ƙofa ya karya masa cinya. Maɗori ya ɗora, ƙashin ya kama, amma ƙafar ta fito gajera. A lokacin yana neman auren mahaifiyarmu, ya ji tsoron a ce masa gurgu. Wani baduku ya ƙara masa fata a cikin takalmi, wani mai walda kuma ya rage masa ƙarfen keke. Mahaifiyarmu kaɗai ta sani, ita ma sai bayan aure.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini ranar Juma'ar nan.

«Na ga kana murna,» in ji shi. «Na ce bari in gwada, ko ƙafar ta manta.»

Washegari da safe na fitar da sabon hannun hagu, na mayar da tsohon, na bar sabon faranti a dama. Aikin bai kai rabin awa ba. Amma kwaɗon yana nan, Yaya kuma ta ce ba za ta buɗe ba. Ta ce sabon ƙarfe ma ya gagare shi, ina ga tsoho? Ita ba za ta zauna tana jira a kawo mata ubanta a kwance ba. Gaskiyarta ce a iya abin da ta sani, ni kuma Baba ya ce kar in faɗa wa kowa, don haka na tsaya kamar gunki da sifana a hannu.

Yaya 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya ma haɗa ido da ita in suna magana. Sai ga shi ya fito da hularsa a kai, ya zauna a kan benci kusa da inda take tankaɗe. Ya cire takalmansa biyu, ya miƙe ƙafafunsa a gabanta, ya haɗa diddige da diddige. Ya ɗauki takalmin hagu ya miƙa mata, yana kallon bango.

«Sa hannunki ciki,» ya ce.

Ta sa hannu ta taɓa fatar da aka jera hawa-hawa. Ta dubi ƙafafun, ta daɗe tana dubawa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta durƙusa ta sa masa takalmin da hannunta, sannan ta kwance makullin daga gefen zanenta.