Makafi Biyu a Hanyar Kano

Litinin: Mairi zuwa Abbaganaram

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na tayar da mota daga ƙofar gidana a Mairi, na nufi Abbaganaram in ɗauki Baba. Shekara huɗu ke nan yanar ido ta rufe masa gani, har ya kai sai an riƙe hannunsa ake kai shi masallacin ƙofar gida. Sau biyu muna kai shi asibiti a nan Maiduguri, sau biyu yana zamewa kafin a kira sunansa, don wani amininsa ya taɓa ba mai maganin gargajiya idonsa aka soke shi, bai sake ganin rana ba. Shi ya sa ƙanwata Falmata, da ke aure a Kano, ta nemo masa likita a can, aka sa mana ranar Alhamis. Ta ce mutumin da bai san lungunan gari ba ba zai gudu ba. Likitar kuwa ta aiko da gargaɗi cewa idan aka ƙara jinkiri, yanar za ta iya ɓata idon gaba ɗaya.

Na tarar Hajja, mahaifiyarmu, ta fito da shi zaure da jakarsa, ta ƙulle mana sinasir a kwano. Baba shekara talatin da ɗoriya ya yi yana jan babbar mota tsakanin Maiduguri da Kano, saboda haka ba ya shiga mota sai ya zagaya ta. Ya bi jikinta da tafin hannu har ya zo gaba, ya tsaya.

"Bukar, kunna fitila."

"A kunne take, Baba."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gilashin. "Wannan ce fitila? Ko aci-balbal ta fi ta. Ni makaho, mota makauniya. Makafi biyu ba sa tafiya Kano."

Na yi magiya, na ce ai da rana za mu yi tafiyar. Ya ce taya ba ta shawara da mutum kafin ta fashe, dare kuma ba ya jiran kowa. Ya juya ya laluba hanyar zaure ya zauna. Na san hujja kawai ya samu, raina ya ɓaci ƙwarai, amma gaskiyarsa ce, fitilun sun daɗe da zama abin kunya. Hajja ta dube ni ta ce, "To, kai ma sai ka kai taka asibiti." Tafiyar ranar nan ta tsaya a kilomita takwas.

Litinin da hantsi: rumfar Kyari

Ƙarfe tara muna rumfar Kyari mai gyaran wayar mota, a hanyar Baga. Baba ya ce sai ya bi ni, wai kada a cuce ni. Kyari ya tarye shi da "Wushe, wushe, Baba direba," ya ba shi benci a inuwar dalbejiya, aka kawo shayi.

Ya fito da ƙwan LED guda biyu a kwali. Ni dai ban taɓa riƙe irinsu ba. Ba gilashi, ba zaren nan da ke ja idan ya yi zafi, sai wani ɗan farin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba a gefe da gefe, ga kuma 'yar fanka a gindi. Muka yi ciniki ya bar mini a dubu goma sha takwas. Baba ya karɓi ɗaya ya shafa, ya hura fankar ta juya, ya ce, "Ikon Allah. Fitila da fankarta, mu muna kwana cikin zafi."

Cikin minti ashirin Kyari ya ɗaura su. Ya jawo buhu ya lulluɓe kansa da gaban motar don ya ga hasken, ya fito yana girgiza kai.

"Ƙwai sabo ne, amma haske bai fita ba. Motarka, idonshi ya yi yana."

Na ga Baba ya ajiye kofin shayi. "Me ka ce ta yi?"

"Yana, Baba. Murfin fitilar ya yi rawaya, ya dushe. Ko rana ka sa a ciki ba zai fito ba."

Ya ɗauko samfefa da ruwan sabulu ya zauna gurzar murfin. Da na ga ya koma fari fat kamar an shafa masa kunu, na ce shi ke nan an ƙarasa ni. Kyari bai ko ɗago ba. Ya sauya samfefa mai laushi, ya sake sauya wata, ya shafa mai ya goge da tsumma, sai ga murfi garau, ina hango kowane lungu na cikinsa. Baba ya sa aka kai hannunsa kan wanda aka gama da wanda ba a taɓa ba, ya daɗe yana shafa wannan yana shafa wancan.

"Kyari, idan hannunka ya kuskure fa?"

"Sai ya zauna makaho, Baba. Amma ai makaho ya zo."

Na mayar da Baba gida. Da zan tafi ne ya ce in zo gobe da duhu, zai gwada fitilar da kansa, in ta ci jarrabawa zai shiga.

Talata da asuba: jarrabawa

Sai na faɗi laifina a nan. Da yammar Litinin maƙwabtana a Mairi suka taru kallon sabuwar fitila, ni kuma da karambani na zare ƙwan hagu don in nuna musu fankar, na mayar da shi yadda na ga dama.

Ƙarfe biyar da minti goma na shiga layinmu na Abbaganaram, wallahi ni kaina na tsorata da hasken. A layin nan aka haife ni, amma ban taɓa ganinsa haka da duhu ba. Ina ganin tsagar kowane bango, da rubutun gawayi da yara suka yi, da idanun akuyoyi can ƙarshen layi. Masu fitowa daga masallaci suka tsaya cirko-cirko.

Baba ya sa aka juya shi ya ba motar baya, ya ƙirga taku ashirin da biyar, ya juyo ya rage tsawo daidai zaman direba a kujera. Haka suke gwada fitila a zamaninsu, in ji shi, don hasken da ya kashe wa mai tahowa ido ba haske ba ne, makami ne. Ido mai yana kuwa ba abin da ya tsana kamar haske ya doke shi kai tsaye.

"Sa dim, hasken ƙasa. Rufe ta hagu da hula."

Na rufe. Ya ce ta dama lafiya lau, tana ƙasa inda ya kamata. Na koma na rufe ta dama, nan take ya kare fuska da hannu.

"Wannan duka take yi! Wa ya taɓa ta?"

Ya dawo ya ce in buɗe murfin inji, ya zura hannu ta bayan fitilar, ya laluba, ya zare ƙwan, ya juya shi, ya mayar har ya yi ƙas. Ashe a kife na sa shi. Mutumin da bai ga fuskata ba shekara huɗu, shi ya gano abin da ni mai ido biyu ban gani ba, ya gyara shi cikin duhu. Kunya ta rufe ni. Ya sake ƙirga takunsa, ya tsuguna, ya miƙe.

"Hajja, miƙo jakata."

Maiduguri zuwa Kano

Ƙarfe shida muna cikin layin motoci a mafitar gari muna jiran sojoji su buɗe hanya, ba mu wuce shinge ba sai bakwai saura. Daga nan Baba ya karɓi aikin taswira. Kafin in ga allo yake faɗin gari: Auno, Jakana, Mainok, Benisheikh. Na tambaye shi yadda yake yi, ya ce kowane gari da yadda mota ke rage gudu a cikinsa, da warinsa. A wani shinge soja ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?" Ya ce, "Gareji za a kai ni." Sojan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Mun shiga Damaturu tara da kwata, kilomita ɗari da talatin da 'yan kai. A Potiskum muka sha mai, muka ci sinasir ɗin Hajja a gindin bishiya. Bayan Azare tayar baya ta fashe, safayar kuma ba iska, sai da na hau babur na kai ta wurin mai faci, muka yi asarar awa uku. Baba bai ce "na faɗa maka" ba, tari kawai ya yi, wanda ya fi maganar ciwo.

Magariba ta same mu kafin Wudil. Muka yi salla, na kunna fitila, hanya ta buɗe a gabana fes har da masu keke a gefen titi. Ba direba ɗaya da ya ƙyafta mini fitila don na kashe masa ido. Takwas saura muka isa gidan Falmata, ta rungume Baba tana kuka, shi kuma yana tambayar ko akwai tuwo.

Alhamis da Juma'a: Kano

Laraba aka yi gwaje-gwaje, aka ce idon dama za a fara yi. Ranar Alhamis a ƙofar ɗakin tiyata Baba ya damƙe wuyan hannuna har ya yi shaida, ƙafafunsa suka ƙi gaba. Na ce a raina mun dawo gidan jiya. Likitar ta fito da kanta, mace ce da ba ta wuce sa'ar Falmata ba.

"Baba, me ya faru?"

"'Yata, ba ni hannunki."

Ta miƙa masa. Ya ɗora shi a kan tafinsa, ya tsaya yana jin motsinsa, kusan minti guda. Sannan ya sake ni ya ce, "Ba ya rawa. Mu je." Aikin bai kai minti arba'in ba. Ni da Falmata ba addu'ar da ba mu karanta ba a kan bencin nan.

Juma'a da safe aka cire bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Abin da ya fara dubawa hannuwansa ne, ya juya su gaba da baya. Sai ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bukar, wannan tumbin fa?" Na yi dariya har na kasa tsayawa, daga nan dariyar ta koma kuka, ban ɓoye ba.

Lahadi: komawa gida

Likita ta sake duba shi ranar Asabar, ta ba mu maganin ɗigawa da baƙin tabarau, ta ce a dawo don idon hagu bayan wata biyu. Biyar na asubar Lahadi muka bar Kano don mu riski Maiduguri kafin a rufe hanya. Da muka fita gari Baba ya ɗaga tabarau kaɗan ya dubi titi cikin farin hasken nan. Ya ce shekara talatin ya bi hanyar nan da fitila ja kamar garwashi, yana tuƙi rabi da ido rabi da addu'a, bai taɓa sanin haka gefenta yake ba. Yana ta salati a hankali har gari ya waye. Daga Damaturu kuwa sai ya koma kallon garuruwan da ya sani, wasu sun sake gini, wasu har yanzu bangaye ne ba rufi.

Uku da rabi muka shiga gari, huɗu da 'yan mintuna muna Abbaganaram. Na zagayo in riƙe masa hannu yadda na saba, ya ture ni, ya tsallake kwata da kansa ya shiga zaure. Hajja tana tsakar gida da tsintsiya a hannu. Ya cire tabarau ya tsaya yana kallonta.

"Hajja, yaushe kika yi furfura haka?"

"Duk a cikin shekara huɗun nan ne, Alhaji," ta ce. "Na yi ta addu'a Allah Ya sa ka gan ta."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ya matsa ya karɓi tsintsiyar daga hannunta ya jingine a bango, ya ce ta buɗe, bai gama kallo ba. Ni dai na koma waje na zauna a cikin mota.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Falmata da mijinta da suka sauke mu, da likitar da ta ba tsoho hannunta, da Kyari na hanyar Baga. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar mana iyayenmu da ganinsu.