Rayuwar Inna Mai Rai-Ɗore

Haihuwa da Ƙuruciya

An haife ta a shekarar 1941 a wani ƙaramin gari mai makiyaya a bayansa, mahaifinta maƙeri, mahaifiyarta ungozoma. A hannun mahaifiyar ta koyi sarrafa rai-ɗore, ganyen nan mai wari da fure rawaya, wanda ake dafawa saboda zazzaɓi da taurin ciki, amma in aka zarce ƙima ya tsinka gudawa ya taɓa hanta.

Aure da Sana'a

A 1960 ta auri wani tela mai barkwanci, wanda ke cewa tukunyar magani ya aura aka ba shi mace gyara. Yaran da suka tashi a layinsu a zamanin har yau suna kewar warin tukunyar nan, duk da gudun da suka sha yi mata. Ƙa'idar Inna ɗaya ce: ba ta ba da magani a saƙo. Sai ta ga mara lafiya, ta duba idonsa, ta auna ƙarfinsa, sannan ta ƙirga ganye. Mai juna biyu da jariri kuwa ba sa samun komai sai umarnin tafiya asibiti. An sha kiranta mai taurin kai, kuma ba a yi mata ƙarya ba.

Tsufa

Bayan rasuwar telan a 1998 idonta ya fara rauni, ta shiga fargabar kada sanin ya bi ta kabari. Babban ɗanta, mai shago, ya roƙi ma'aunin don ya riƙa ƙulla garin ganyen a leda yana sayarwa. Ta ce, "Ɗana, ledarka za ta gane mai ciki?" Ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Autarta take so ta koya wa, malamar jinya a birni, mai haƙurin kallon mutum. Kowace damina, lokacin fitowar ganyen, auta na cewa sai ta samu hutu, kowace damina Inna na sa a share mata ɗaki.

Rasuwa

Hutun ya samu a daminar 2011. Auta ta iso da jakarta da takalmin shiga ciyawa, ta tarar da mutane cike da ƙofar gida. Inna ta cika da hantsi, har an binne ta kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya huɗu: mai shago, direba, mai ɗinki, da auta. Allah ya jiƙanta. Har yau maƙwabta kan tsayar da autar su tambaye ta ganye nawa ake sawa, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba.