Ruwan Gishirin Malam

Jiya ina wanki na buɗe robar bilic, warin ya bugi hancina. Sai na tsaya da hannu cikin bokiti, ina tuna malaminmu na kimiyyar sinadarai a makarantar 'yan mata da ke Tarauni.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ce. Ɗakin gwajinmu ba komai sai bencuna da famfon da ya daɗe da ƙafewa. Malam ya taho daga Gyadi-Gyadi da kofin gilashi da gishirin girkin gidansa, ya ciro batirin babur ɗinsa. Ya fasa tsofaffin batiran tocila, ya zaro baƙaƙen sandunan ciki, ya ɗaura musu waya, ya haɗa da batirin babur ɗin, ya tsoma su cikin ruwan gishirin.

"Ku matso, 'ya'yana, ku gani da idonku." Haka yake cewa kullum.

Ƙananan kumfa suka fara tasowa a jikin sandunan biyu. Ya ce iskar wannan gefen haidurojin ce, ta wancan kuma kulorin, mai yaji a hanci kamar warin bilic. Ya sunkuya zai nuna mana, sai tari ya sarƙe shi har ya dafa bango. Na ga jini a hankicinsa kafin ya cusa shi aljihu.

Na ce, "Malam, in buɗe taga?"

Ya ce, "Buɗe, 'yata. Farar hula sun yi alkawarin kayan aiki. Baɗi za ku yi wannan yadda ya kamata."

Bai kai ƙarshen zangon ba, kuma har muka gama makaranta kayan ba su zo ba.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya sa ciwon da ya ɓoye mana ya zame masa kaffara.