Fensirin Shef Hamani

Duk wanda ya san Shef Hamani ya san fensirin nan da ke maƙale a bayan kunnensa. Da shi yake cin tuwo, da shi yake alwala. In ya zo shafar kunne sai ya mai da shi ɗayan kunnen, ya shafa, ya maido shi. Shekara goma sha ɗaya yana yawo tsakanin ƙauyukan Mayahi da na Tasawa, jandarma ne da anka ɗora wa aikin shiga tsakanin hukuma da mutanen karkara, amma fensir guda ɗaya tak! In ka ce ya ara maka, sai ya ce, "Na gwamnati ne. Amana ba a fere ta kullum."

Ku da kunka ga zamanin soja kun san abin da ake nufi da a rubuta sunan mutum. Suna ya shiga takarda, kamiyo, babbar motar soja, ya zo, sai iyali su yi ta kallon hanya. Shi ya sa muke kallon fensirin nan kamar yadda kaza ke kallon shaho.

Rowarsa ba ta tsaya ga fensir ba. Kun tuna takalman sojan nan nasa? Da ya iso bakin gari sai ya cire su, ya ɗaure igiyoyin, ya rataya a wuya kamar laya. Na ce, "Shef, rairayin nan fa wuta ne." Ya ce, "Rairayi yana cin takalmi, Bagobiri. Ƙafa kuwa Allah ke sake mata fata kyauta." Haka zai shigo yana ɗage ƙafa kamar zakara a kan garwashi, matan da sunka saba rufe ƙofa in sun ga kaki su leƙo suna dariya.

Ga tsokana! Ubansa Bazabarme ne, don haka mu Gobirawa taubasansa ne, Buzaye ma haka. Uwarsa Babarbariya, ke nan Fulani ma ba su tsira ba. Ran kasuwar Kanambakashe zai tsare ni gaban jama'a ya dubi tsagen fuskata ya ce, "Wace kyanwa ta yakushe ka haka, ba ka kawo ƙara ba?" Ya juya ga Ardo Buba, shugaban Fulanin da ke sauka arewa da garinmu, ya ce, "Ardo, riƙe sandarka da kyau kar iska ta tafi da kai." Ba mai ikon yin fushi, taubashi ne. Wata rana na ce, "Shef, in Bature ya zo fa?" Ya ce, "Sai in bincika wajen kakata."

To, bari in faɗi nawa, tunda wanda ya rufa mini asiri ya riga ni tafiya.

Shekarar babban fari, makiyaya sunka gangaro da ragowar dabbobinsu. Rijiyarmu ɗaya ce, gaba talatin, ruwan kuma yana ta ja da baya. Shef ya raba lokaci: safe na ƴan gari, hantsi na Ardo, bayan azahar na Agali Buzu mai raƙuma. Rannan maiɗakina Hadiza ta dawo da tulu rabinsa laka. Ni kuma da hikimata, wadda ta sa anka kore ni daga lakwal, makarantar boko, bayan wata uku, na bari Fulani sun koma inuwa, na zagaya na sa wuƙa na ci rabin igiyar Ardo. Da sunka zo ja, wasaki, babban gugan fatar nan, ya faɗa ciki da ruwansa. Kafin ka ce mi, sanduna sun tashi, an fasa kan ƙanen maigari.

Washegari da hantsi sai ga kamiyo cike da sojoji. Wani matashin hafsa, liyetna, ya diro ya ce da Shef, "Sunan wanda ya yanke igiya nake so. Zan dawo da la'asar. In babu suna, in kwashi goma a gari, goma a ruga." Sunka wuce. Garin ya yi tsit, ko tabarya ba ka ji.

Ina ɓoye bayan rumbu sai na ga ƙafafu biyu ba takalmi.

"Bagobiri, fito."

"Shef, ciwon ciki nake."

"Duk garin nan kowa ya je kallon igiyar nan sai kai. Kai da ko akuya ta haihu sai ka je ka ga da wa ɗan ya yi kama."

Sai ya kai hannu bayan kunne. Jama'a, ban taɓa ganin ya ciro fensirin nan don rubutu ba sai rannan. Ya fiddo ɗan littafinsa, ya lashi bakin fensir.

"Shef, ɗiya shida gare ni, rumbun nan da ka gani wayam yake. In anka tafi da ni wa zai nemo musu ko dussa?"

"Sunanka na yanka Abdurrahamani ko?"

"I, Shef."

"Kash! Dogon suna. Zai ci mini fensir." Ya mai da shi kunne. "Taso. Ka faɗa wa Ardo da bakinka, sannan ka shiga ka fiddo masa wasakinsa, ka yashe rijiya."

Na faɗa, gaban gari da ruga, ina kallon yatsun ƙafata.

Kun san al'adarmu: mai shiga rijiya shi ke zaɓen mai riƙe masa igiya, kuma ba a ba kowa sai wanda kunka sha nono ɗaya. Na waiga ina neman wana Isufu. Shef ya ce, "A'a. Ardo zai riƙe. Raƙumin Agali ya ja laka."

"Da wace igiya, Shef?"

"Ta Ardo mana, an ƙulle ta. Sabuwar igiya a wannan fari? Ai kai ka fi kowa sanin inda take da rauni."

Wayyo! Anka ɗaura mini ita a ƙugu. Ina sauka bakin rijiya yana ƙanƙancewa, daga faifai ya koma bakin tulu. Duk surar da na haddace na karanta, ba su fi huɗu ba, sai na yi ta maimaitawa. Da ƙullin ya zo kan icen bakin rijiya na ji ya yi ƙat, raina ya riga ni isa ƙasa. Ina jin Shef can sama: "Riƙe da kyau, ɗan Fulani! Ko furar ba ta kama ka ba yau?"

Na sami wasakin. Na yi ta cika guga da laka, raƙumi yana ja, tun ruwa na idon sawu har ya kai cinya. Can sai na ji bangon rijiya yana rawa. Kamiyo ne. Guga ya tsaya cak a sama, maganganu sunka ɗauke. Wani kai mai hula ya leƙo ya rufe mini ɗan hasken da ya rage.

"Suna," in ji liyetna.

Na ji muryar Shef: "Mon liyetna, mai laifi yana ƙasa. Wanda anka yi wa laifin shi ke riƙe da shi tun hantsi. Tambaye shi ko yana da ƙara."

Ina can ƙasa, a zuci na ga Hadiza da ɗiya shida a bakin hanya. Igiyar ƙuguna ta ɗan motsa. Sannan Ardo ya ce, a hankali kamar mai lissafa shanu, "Ni dai igiyata ta tsinke, an ƙulle. Ga ruwa ya ƙaru."

An ce liyetna ya daɗe yana kallon ƴan gari da Fulani da Buzaye jere a bayan Ardo, duk sun kama igiya ɗaya. Ya ce a ba shi ruwa, ya sha, ya ce da Shef, "Rubuta rahoto." Shef ya lashi fensir ya rubuta haruffa uku: R.A.S. Da Faransanci wai babu abin faɗi ke nan. Har yau su kaɗai ne bokon da na iya karantawa.

Da anka fiddo ni na ga tafin hannun Ardo ya saɓule. Ya ce, "Bagobiri, ka yi nauyi. Yunwar nan ba ta zo gidanka ba ne?" Ɗan da Hadiza ta haifa bayan damina, Buba sunansa. Shef ya zo suna, takalmi a wuya, ya ci tuwo kwano biyu.

Da Shef ya rasu, ran sadakar bakwai ɗiyarsa Fati ta buɗe akwatinsa ta nuna mana fensirin, bai kai gaɓar yatsa ba. Ga littafin kuma. Na karɓa na bi shi shafi bayan shafi, ni da ban iya karatu ba, na karanta shi tas: haruffan nan uku ne har ƙarshe, babu sunan kowa.

Ya Allah, bawanKa Hamani ya zo maKa ba takalmi, yadda ya saba zo mana. Ya rufa asirinmu ranar da ba mu da mai rufawa. Ka rufa nasa. Ka sa ya iske littafinsa na hagu fari fat, Ka shayar da shi ruwan da babu laka. Amin.