Tafintan Injin Mai Kai Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ƙanwarka ta kira masana'anta ta ce Allah Ya yi maka rasuwa. Na kashe injina, sauran ma suka kashe nasu, muka tsaya cirko-cirko.

Tafinta muke kiranka, Malam, kuma ka ci sunan. Kwamfuta tana zana yadda za a sassaƙa ƙarfe da harshenta, inji kuma nasa harshen daban, kowanne da irin taurin kansa. Kai ke rubuta ɗan shirin da ke tsakaninsu, wanda muke ce wa fos, shi ke mayar da zane ya zama umarnin da inji zai ji. Shekara ashirin da biyu kana wannan aiki, ban taɓa ganin ka yi gaggawa ba, ko shayinka sai ya huce kake tunawa da shi.

Ni kuwa sarkin gaggawa ne. Idan fos ya fitar da layin umarni karkatacce, sai in faki idonka in gyara layin da hannu, in wuce. Ranar da ka kama ni ba ka yi faɗa ba. Ka jawo kujera ka ce, "Yau ka gyara wa kanka. Gobe wa zai gyara wa wanda bai san da kuskuren ba?" Muka koma cikin fos ɗin muka tono tushen matsalar.

Bara aka kawo sabon inji mai kai biyu, wanda ke juya ƙarfe yana kuma huda shi ta kowace kusurwa. Kai na farko ya gama nasa, sai ya miƙa ƙarfen ga na biyu, duka suna juyawa. Idan gudunsu ya bambanta ko kaɗan, ƙarfen ya murɗe, kan ya tashi aiki. Wannan miƙawar ce kaɗai ta rage maka a rubutun fos ɗinsa, sai ciwo ya kwantar da kai. Mai masana'anta ya ce in wata ya ƙare injin bai tashi ba zai mayar da shi, mutum huɗun da aka ɗauka dominsa su koma gida.

Na kai maka kwamfuta asibiti, ka ƙi taɓa ta. Ka ce, "Rubuta ka karanto mini." Wallahi na ji haushinka. Kwana tara ina karantawa kana lumshe da ido, sai dai ka ce, "Sake dubawa." Ba ka taɓa faɗa mini amsar ba.

Ranar Alhamis, bayan rasuwarka, muka gwada fos ɗin da na kammala. Na fara barin injin ya yi aikin babu ƙarfe, sau uku, sannan na ɗaura ƙarfen. Hannuna na kan maɓallin tsayarwa. Kai na biyu ya matso, ya kama, na farko ya saki, ko ƙara ba mu ji ba. Mutum huɗun nan suna bakin aikinsu yau. Na yi kewarka ƙwarai, amma raina a kwance yake.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga mai ɗakinka, da ƙanwarka, da 'ya'yanka uku, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sani akwai gidaje huɗu da ke taya ku yi masa addu'a.