Katin Sista Rabi

Jama'a, wannan abu wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma ban rubuta shi don a tausaya min ba.

Bayan farar hula sun dawo mulki da wasu shekaru, lokacin da asibitocin kuɗi suka fara yawa kowa yana son a ce nasa na zamani ne, na samu aiki a wani asibiti tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni, ni ne mai kula da kwamfuta. Mai asibitin ya sa aka kafa wata na'ura a ƙofofi, aka ba kowane ma'aikaci kati mai ɗan guntun waya a cikinsa, ba sai ka zura shi ko'ina ba, ko a aljihu yake kana matsowa ƙofa za ta yi ƙara ta buɗe. Abin da ba a gaya wa ma'aikata ba shi ne, duk ƙofar da ka shiga da lokacin da ka fito yana sauka a kwamfutar da ke gabana. Ni kuma babu wanda ya taɓa nuna min wata doka, ko takarda guda, da ta ce ga wanda zai ga wannan bayani ga wanda ba zai gani ba.

A cikin nas-nas ɗinmu akwai Sista Rabi, mace mai kamun kai, 'ya'yanta uku. Mijinta Malam Sani maƙwabcina ne a Darmanawa, sahu ɗaya muke sallah. Wata rana bayan la'asar ya riƙe hannuna ya ce shi dai yana son ya san ƙarfe nawa ake tashinsu, don kwana biyu tana makara. Maimakon in ce ya tambaye ta, sai son burgewa ya ɗebe ni, washegari na buga masa takardar shige da ficenta ta wata guda cur na kai masa har gida, ina ta nuna masa yadda ake karantawa.

Takardar ta nuna duk Laraba, bayan ta tashi aiki, tana shiga ofishin wani likita namiji ta yi kusan minti arba'in. Ko mako ba a rufa ba ya sake ta.

Ta same ni a ofis da hantsi, ta tsaya bakin tebur, ba ta zauna ba.

"Malam, kai ka ba shi?"



Ta ce, "Ƙofa ta gaya maka na shiga. Ta gaya maka abin da na shiga yi?"

Ta cire katin daga wuyanta ta ajiye min ta fita. Sai daga baya na ji ashe ciwon daji ne a ƙirjinta, likitan duba ta yake yi, ta ɓoye ne tana jiran babbar 'yarta ta gama jarrabawa kafin ta faɗa a gida. Ta koma wajen mahaifiyarta a Babban Giji, bayan wata biyar Allah ya yi mata rasuwa. Na je jana'iza na tsaya can baya.

To bayan sadakar bakwai ne abin ya fara. Da rana tsaka ina duba jerin shiga da fita sai na ga lambar katinta, ba suna, don ni da hannuna na goge sunan. Na buɗe aljihun tebur, ga katin nan kwance inda na jefa shi. Na sake dubawa a tsanake, sai na ga ashe lambar ba yawo take ita kaɗai ba. Duk ƙofar da na bi, tawa ta sauka, bayan daƙiƙa biyu tata ta biyo. Ɗakin magani, ofishin mai asibitin, har ƙofar baya da nake bi in je alwala.

Na ce wata matsala ce ta na'ura. Na sa almakashi na yayyanka katin, na kai wajen da ake ƙona allurai na tsaya har ya narke. Da na dawo ƙofa ta yi ƙara sau biyu.

Sai na kira Mista Emeka, injiniyan da ya kafa mana na'urar, mutumin kudu ne amma a Kano ya girma. Ya yi min dariya, ya ce katin nan ko batir ba shi da shi, in ka yanka wayar ciki ya mutu ke nan. Ya karɓe nawa katin ya tafi da shi ƙarshen baranda, ya ce in zazzage aljihuna in nufi ƙofa haka nan. Na tafi, ba komai a jikina sai riga da wando. Ina isa ta yi ƙara sau ɗaya ta buɗe.

Muka koma kan kwamfuta tare, lambarta ce. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tattara kayansa ya ce, "Abokina, wannan ba aikina ba ne. Me ka yi wa matar nan?"

Na je Babban Giji na durƙusa gaban mahaifiyarta na faɗi komai. Tsohuwar ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ɗan nan, ba ni ka yi wa ba. Mai yafewar tana ƙasa." Malam Sani kuwa tun ranar da ya ji gaskiyar ciwon bai ƙara amsa sallamata ba, daga baya ma ya tashi daga unguwar, yaran aka rarraba su a dangi. Na yi sadaka, na sa an yi sauka, babu abin da ya canja. Ƙarshe na ajiye aikin na koma sayar da kayan waya, inda ƙofa sai da mukulli.

Na ɗauka ya wuce. Bara ƙanwata ta haihu a wani asibiti daban wajen Hotoro, na je barka da safe, na tarar da irin ƙofar nan a hanyar ɗakin masu jego. Na tsaya ina jiran mai gadi ya buɗe min, kafin ya miƙe daga kujera ta yi ƙara ta buɗe da kanta. Ya dubi allon gabansa, ya dube ni, ya leƙa bayana, ya ce, "Alhaji, ina ka samo kati? Wannan lambar ba ta cikin namu." Ban shiga ba, na juya da ledar kayan barkar a hannuna.

Ban san mene ne ba, kuma na daina tambayar malamai. Ni dai roƙona, duk wanda aka ɗora a kan bayanan mutane, a asibiti ne ko banki ko makaranta, ko doka ta hana ko ba ta ce komai ba, kada ka ba kowa, ko ɗan uwanka ne. Ku kuma masu rataya kati a wuya, ku tambaya wa ke karanta sawunku. Ni yau shekara da shekaru, in zan shiga ɗaki sai na tsinci kaina na riƙe ƙofa na ɗan jira kafin in rufe.