Sassaƙen Madaci a Cikin Hulata

Shekara guda na yi ina zarya kafin a ba ni takardar da ta ce 'yan ajina su shiga gandun dajin gwamnati kyauta. Ni malamin firamare ne a Illela, kuma takaici ne ya sa ni wannan naci. Yaran da nake koya wa sunayen itatuwa ba su taɓa ganin madaci a tsaye ba sai a allo, shi ma zanen nawa ya fi kama da lema.

Mai gadin gandun, wani dattijo marar fara'a, ya karanta takardar sau biyu a bakin ƙofa. Ya ce sharaɗi ɗaya ne, ko ganye kada a fitar. In aka kama wani, an rufe ƙofa ke nan, har ga makarantun Araba da Lafani da ke jiran nasu zuwan. Na bugi ƙirji na ce yarana ba sa haka.

Na manta a wurinmu ba a komawa gida hannu rabbana, tsaraba dole ce. Kafin azahar na sa an zazzage magarya da aduwa daga aljihuna, ina faɗa har muryata ta dushe. Can sai na hangi sabon rauni a jikin wani madaci, ja wur, faɗin tafin hannu. Babu laifin da ya kai sassaƙa itace a wurin.

Wata yarinya 'yar ƙauyen Tozai, mai shiru-shiru, ta ƙi haɗa ido da ni.

"Ke, mi kinka ɓoye cikin hijabi?"

"Malam, inna ta ce in ɗebo mata. Masassara ta hana ta tashi, kuma wajenmu duk an sare."

Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, sai na fasa. Na karɓe sassaƙen madacin da ta ɓoye. Jefarwa ya kamata in yi, na sani. Amma na cusa shi cikin hulata na kifa a kai.

Da muka zo fita, dattijon ya laluba yaran ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ko kallona bai yi ba. Har na fara hamdala a zuci, sai ya miƙo mini buta.

"La'asar ta yi, Malam. Kai za ka ja mu salla."

Na so in ce ina da alwala, ƙaryar ta yi mini nauyi a bakin salla. Na tsuguna. Na wanke hannu, na kurkure baki, na wanke fuska, ina ja kamar mai jiran ceto. Aka zo shafar kai. Ina ɗaga hula, sassaƙen ya faɗo tsakanina da shi.

Ya ɗauka ya sansana. Muka yi salla muka sallame. Ya tambayi wa ke ciwo, yarinyar ta matso tana kuka, ya danƙa mata a hannu ya ce Allah ya ba inna lafiya. Sannan ya juyo ya ce in ba shi takardar. Ya ninke ta ya sa aljihu.

"Da ɗiyar anka kama, sai in ce ƙuruciya ta. Kai ban laluba ka ba, don kai malami na."

Kunyar nan har yau ba ta sake ni ba. Da shekara ta zagayo, sababbin 'yan ajina suka tambaye ni yaushe za mu gandu. Na ɗauki alli na zana musu madaci.